Tsaga Bakwai a Gefen Dije

Duk wanda ya saba shiga Zuba ya san bishiyar darbejiyar da ke bayan tashar manyan motoci, can gaba da inda ake sauke lemu da ayaba. A gindinta Manniru Wanzam yake shimfiɗa tabarmarsa tun shekarar da rusau ya tashe su daga Karmo. Siriri ne, baƙi, mai 'yar furfura a gemu, kuma ba ya son a dame shi da hira yana aiki. In ka cika motsi sai ya dafe maka ƙeya da yatsu biyu ya ce, "Malam, kunnen nan naka ne, ni ina da nawa." Direbobin tirela da dillalan kankana duk sun sha wannan maganar, gobe kuma su dawo su miƙa masa kai.

Wanzanci gado ne a wurinsa. A wani ƙauye na ƙasar Malumfashi aka haife shi, ya buɗe ido ya tarar da aska da ƙaho a zabirar ubansa, uban ma haka ya tarar. Aski, ƙaho, cire beli, tsagar gado, tsagar magani, babu wanda hannunsa bai yi ba. A can, aska ɗaya ce ke zagaye gari. Ka gama da wannan kan, ka goge ta a tafin hannu, ka wasa, ka ce na gaba ya matso. Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka, shi ma bai gani ba.

Shekara guda da komawar soja bariki ya tattara ya taho Abuja, lokacin da duk mai hannu biyu ya nufo nan saboda gine-gine. Matarsa Asabe ta riga ta rasu, ta bar masa 'ya ɗaya, Hadijatu, wadda kowa ke kira Dije. Shi bai taɓa kiranta haka ba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata, tun tana rarrafe.

A Abuja ne aka fara raina masa aska. 'Yan bokon ma'aikatu, in an yi musu haihuwa, su aiko mota a ɗauke shi askin suna, amma yana zare askarsa sai uwargida ta miƙo masa sabuwar reza a takardarta. Ranar farko saura kaɗan ya naɗe zabirarsa ya tafi. Daga baya, da rediyo ya yi ta maganar cututtukan da ke bin jini, ya sauko daga dokin zuciya, ya koma kowane kai da rezarsa. Da askin nan ya yi wa Dije karatu har ta yi difloma, ta sami aiki a wata ma'aikata a Sakatariya, ofishin ajiye fayil. In ka tambaye shi aikin me take yi, sai ya ce, "Gwamnati ce ta ba ta ajiyar takardunta," ya yi shiru don ka ji nauyin maganar.

A farkon shekarar 2014 abin ya same su. Wata abokiyar aikin Dije, Justina, ta zubar da jini wajen haihuwa, aka nemi masu taimako. Dije ta je ta miƙa hannu. Aka gwada jininta aka ce ba za a karɓa ba, ta je ta ga likita. Ta dawo gida da yamma da takarda a jaka, ta durƙusa ta ce, "Baba, wai ina da ciwon hanta, irin wanda suke kira B."

Manniru ya dube ta sama da ƙasa. Yarinya ce garau, idonta fari tas, jiya ma ita ta ɗauko jarkar ruwa biyu daga famfo. Ya ce, "Mai ciwon hanta ai ido ne ke fara tona shi. Sun haɗa jininki da na wani."

Ba su haɗa ba. An sake gwadawa, haka dai. Likitar da aka tura su wurinta a wani asibiti a Garki, Dakta Naomi, mace ce mai ƙiba da tabarau, mai Hausar Jos. Ta zaunar da su ta yi musu bayani a hankali. Ta ce cutar nan tana iya zama a jikin mutum shekara ashirin, talatin, ba ciwon kai ba zazzaɓi, tana ta yi wa hanta rauni, raunin yana warkewa yana barin tabo. In tabon ya yi yawa, hanta ta taurare, daga nan kuma gyara ya yi wuya. Abin da ake son sani yanzu shi ne, ta Dije ta taurare ko da saura.

Ta ce a da ba a iya sani sai an soka doguwar allura tsakanin haƙarƙari an ɗebo 'yar tsokar hanta an duba. Amma yanzu an kawo musu wata na'ura da ke auna taurin hanta daga waje, ba yanka ba huda. Sai dai ɗaya ce tak, layi ya yi tsawo, sai nan da mako biyar. Kafin su fita ta ƙara da cewa yawancin masu wannan ciwo tun suna yara suka ɗauka, ko daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da allurar da ta taɓa jinin wani.

Maganar nan ta ƙarshe ita ce ta biyo Manniru har Zuba. Dije tana da shekara huɗu cikinta ya kumbura, ta yi ta kuka tana dafe gefen dama. Shi da kansa ya kwantar da ita a cinyar Asabe, ya yi mata tsaga bakwai a ƙarƙashin haƙarƙari, ya shafa magani. Da askar da ya yi wa rabin gari aski ranar kasuwa ya yi. Kumburin ya sauka, aka yi ta yaba hannunsa. Yau shekara ashirin da uku, ya zauna yana tuno kawunan da askar ta bi a ranar, waye cikinsu ya mutu da kumburin ciki, waye ya yi ciwon shawara. Shi ma an ɗebi jininsa an gwada, ba a sami komai ba. Hakan bai sanyaya masa rai ba ko kaɗan, don ba jininsa yake tuhuma ba.

Mako biyar a ce mutum ya zauna ya naɗe hannu? Ba Manniru ba. Tunda yake, ba a taɓa kawo masa mai ciwo ya ce a je a dawo ba. Kwana uku da zuwansu asibiti ya sami wani mai magani ɗan ƙasarsu a bakin kasuwa, ya karɓo sassaƙe da saiwoyi ƙulli uku, ya haɗa da abin da ya tuna ubansa na ba masu shawara. Ya sayi sabuwar tukunyar ƙasa ya dafa da hannunsa. Ruwan ya fito baƙi ƙirin, ɗacinsa har a hanci. Kofi ɗaya da safe, kofi ɗaya da yamma. Nufinsa kafin ranar awo hantar ta yi laushi, na'urar ta zo ta tarar an riga an gyara.

Dije ta karɓa ta sha. Ba ta taɓa mayar masa da abin da ya miƙo mata ba, ba yau za ta fara ba. A mako na uku abinci ya fita ranta, tana yawan tashin zuciya, ta dawo daga ofis ta kwanta. Tsoro ya kama Manniru sosai, amma ya gaya wa kansa maganin ne ke kokawa da cuta. Maimakon ya rage, sai ya ƙara cika kofin.

Ranar awo suka fita da sassafe, ita ba ta karya ba, don an ce ta zo da ciki wayam. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. A hanyar Kubwa motoci suka cunkushe wajen da ake faɗaɗa titi, suka yi awa guda a wuri ɗaya, shi yana ta jan carbi yana ɓata lissafi. Da suka shiga gari bai ko kalli dogayen benayen da ake ta ɗorawa ba.

Ɗakin awon ƙarami ne, sanyi kamar cikin randa. Aka ba shi kujera, aka ja labule tsakaninsa da gadon. Yana jin Dakta Naomi tana cewa Dije ta kwanta rigingine, ta ɗaga hannun dama ta sa a bayan kai. Shi fa har lokacin bai yarda ba. Shekara arba'in yana aiki da jikin mutane, abin da ya sani shi ne ba a sanin na ciki sai an buɗa. Ya kasa kunne yana jiran ƙarar 'yarsa.

Ba ta yi ƙara ba. Muryar likita ya ji tana cewa, "Wannan tsagar fa? Wa ya yi?"

Dije ta ce, "Tun ina yarinya ce. Ban san wanda ya yi ba."

Ta sani sarai. Sau nawa ya ba ta labarin da bakinsa, yana alfahari. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Sai ya ji wani ɗan sauti, ɗuf, kamar an ɗanɗana ganga da yatsa. Aka ɗan jima, ɗuf. Ya shiga ƙirgawa. A na goma aka tsaya. Likita ta ce Dije ta gyara rigarta, aka yaye labule. Ko minti goma ba a yi ba, kuma babu ɗigon jini ko ɗaya. Ta nuna masa abin, wani ɗan ƙarfe mai kamar tocila da igiya a gindinsa. Ta ce yana ɗan bugun fata ne tsakanin haƙarƙari, bugun ya ratsa hanta, na'urar ta auna saurin tafiyarsa. A hanta mai laushi a hankali yake tafiya, a mai tauri da gudu.

Suka zauna gaban teburinta, uba da 'ya, kafaɗa da kafaɗa. Ta juyo musu da takarda ta sa biro a kan wata lamba. "Ƙasa da bakwai, hanta lafiya lau. In ta haura sha biyu, muna tsoron ta taurare. Ta Hadijatu sha biyar ce."

Manniru ya buɗe baki zai yi salati.

Likita ta ɗaga hannu. "Ku tsaya, ban gama ba. Gwajin jinin da aka yi mata shekaranjiya ya nuna hantar tana cikin kumburi yanzu haka, wanda babu shi mako biyar da suka wuce. Hanta mai kumburi ita ma tauri take nunawa a na'ura, ko da babu tabo mai yawa. Ban san wanne nake gani ba." Ta cire tabarau ta dubi Dije. "Kina shan wani abu? Maganin kemis, ko na gargajiya, ko jiƙo?"

Dije ta ce, "A'a."

"Ki tuna da kyau. Ko ɗan sassaƙe ne."

"Ba na shan komai, likita."

Idonta na kan cinyarta, muryarta ko rawa ba ta yi. Manniru ya gane abin da take yi. 'Yar da aka yi wa tarbiyya ba ta kwance wa ubanta zani a gaban baƙo, balle a gaban 'yar boko mai tabarau da za ta dube shi a matsayin jahilin ƙauye. Shi ya koya mata haka. Kuma gaskiya, wani ɓangare na zuciyarsa ya ji daɗin rufin asirin, har ya ɗan saki numfashi.

Dakta Naomi ta jawo wata takarda ta fara rubutu. Ta ce tunda haka ne ba ta da zaɓi, za a ƙara wasu gwaje-gwajen jini, in ba su nuna dalili ba sai an koma ga allurar. Za a kwantar da ita, a kashe wurin, a soka, sannan ta kwanta a gefen dama na wasu awoyi ana lura da ita saboda zubar jini ta ciki. Ta ce ba kasafai ake samun matsala ba, amma dole ta faɗa musu.

Ba sai an gaya wa Manniru yadda hanta take da jini ba. Duk Sallah shi ke feɗe wa maƙwabta rago. Ya dubi biron yana tafiya a kan takarda, ya dubi hannun Dije da ta damƙe bakin mayafinta da shi har jijiyoyi sun fito. Tsoron allurar take ji, amma ta gwammace a soke ta da ta faɗi sunansa.

Ya ce, "Likita, dakata da rubutun nan."

Dije ta ce a hankali, "Baba."

"Yi shiru, Uwata." Ya gyara zama. "Tana shan jiƙo. Ni nake dafa mata, safe da yamma, yau kwana talatin da biyu. Ba ta so, ni na sa ta. Tsagar da kika gani ma ni na yi, da askar da nake yi wa kowa aski. Wanzami ne ni."

Ya jira faɗa. Ya ma shirya masa. Dakta Naomi ta ajiye biro, sannan ta tambaye shi abin da ke cikin tukunyar. Ya lissafa waɗanda ya sani. Ƙulli biyu daga cikin ukun mai maganin kuwa, ya ce bai san ko mene ne ba, kuma faɗar hakan ta fi masa komai ciwo. Ta ce, "Baba, daga yau ko ɗigo kada ta ƙara sha. Za mu riƙa duba jininta, bayan wata uku mu sake awo. In jiƙon ne ya kumbura hantar, lambar za ta sauko. In ta tsaya a sha biyar, to tabo ne."

"Ni me zan yi mata a wata ukun?"

"Ba komai."

Wannan ba komai ɗin shi ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba shi. Ya zubar da jiƙon a kwata, ya kife tukunyar. Kullum da safe sai ya ƙirƙiro dalilin da zai sa ta tsaya a bakin ƙofa inda haske yake, wai ta duba masa lambar waya, alhali farin idonta yake leƙe. In ta bar loma biyu a kwano, ranar ba shi da sukuni. A gindin darbejiya hankalinsa ya daina tsayawa kan aiki, har ya ɗan yanki wani direban Gusau a bayan kunne, abin da bai taɓa yi ba. Direban ya ce, "Wanzam, yau kunnen nawa ya zama naka ke nan?" Aka yi dariya, shi bai yi ba. Masu zuwa ƙaho ya riƙa ce musu ya daina sai wani lokaci. Mai maganin nan ya tare shi sau biyu da sabon haɗi, wai wannan ya fi na farko, Manniru ya sauya hanyar zuwa masallaci.

Cin abincin Dije ya dawo a wata na biyu. Bai yarda ya yi murna ba, don an riga an gaya masa cutar nan ba ta nuna kanta a fuska.

Suka koma wata ranar Talata, damina ta sauka, ruwa na zuba a Garki. Kujerar nan, labulen nan. Ya ƙirga bugun har goma. Da aka yaye labule bai iya duban fuskar likita ba, sai hannunta.

Ta ce, "Takwas da ɗigo uku."

Ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Ta ce kumburin ya tafi, hantar ba ta taurare ba, ba maganar allura. Amma takwas ba bakwai ba ce. Akwai tabo, matsakaici, kuma gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar tana da yawa, don haka Dije za ta fara shan ƙwaya ɗaya kullum, wataƙila shekaru masu yawa, a riƙa awo duk shekara. Dije ta rufe fuska da mayafi tana hamdala. Manniru ma ya yi hamdala, hawaye ya zubo masa bai share ba.

Sannan ya ce, "Likita, bakwai ɗin da ta sauka, na ji, jiƙona ne. Wannan da ta rage fa?"

"Wannan tsohon tabo ne, Baba. Ya daɗe yana taruwa."

"Askata ce?"

Dakta Naomi ta girgiza kai. Ta ce na'urar tauri kawai take aunawa, ba ta faɗar ta inda cuta ta shigo. Zai iya zama aska. Zai iya zama daga mahaifiyarta wajen haihuwa, tunda ba a taɓa gwada ta ba. Ba wanda zai iya rantsewa a kan ɗaya.

Dije ta yi caraf ta kama maganar. Ta juyo gare shi da jajayen idanu ta ce, "Ka ji ko, Baba? Daga Inna ne. Ai ka ce ita ma ta yi fama da ciwon ciki kafin ta rasu. Daga wurinta na samu, ba kai ba ne."

Ƙofa ce ta buɗe masa, kuma yana so ya bi ta cikinta, Allah ya sani yana so.

Ya ce, "A'a, Uwata. Kada ki ɗora wa uwarki. Ba ta nan balle ta kare kanta. Ita riƙe ki kawai ta yi, tana kuka tana cewa in bari. Bar shi a wurina."

Ya miƙa hannu ya karɓi takardar maganin daga likita, ya tambaya a wace taga ake bayarwa.